Yadda ake saita taimin a injin jirgin ruwa mai sufacaja

Duk bakaniken da ya yi zamani da motoci masu distiributa ya san yadda ake saita taimin da kunne: a sassauta noti, a murɗa kaɗan, a saurari injin, a ɗaure. A mota sau da yawa hakan yakan wadatar. A injin jirgin ruwa mai sufacaja kuwa, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska da ƙarfi, kunne ba shi da aiki. Salansa tana ruri, sufacaja tana kuka, ruwa yana dukan cikin jirgi, iska tana kaɗawa, don haka ƙwanƙwasar da za ta gaya maka wuta ta yi yawa ba za ka taɓa jin ta ba. Abin da za ka gani shi ne hayaƙi daga murfin bawul bayan fistin ya riga ya huje.

Zan ɗauki misali da injin da aka fi ɗora wa sufacaja a jiragen gudu na Amurka, wato babban V8 na Chevrolet, 454 mai lita 7.4 da 502 mai lita 8.2, irin wanda kamfanin injunan jirgin ruwa na MerCruiser ya sayar a da, mai kafireta da tsarin wuta na Thunderbolt IV, da sufacaja irin ta Roots zaune a kansa. Idan sufacajarka ta kamfanin ProCharger ce ko Whipple, hanyar aikin ɗaya ce, lambobi ne kawai ke ɗan bambanta.

Lambar da ake nema

Taimin shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta, ana auna shi da digiri na juyin karanshaf kafin fistin ya kai tof, wato ƙololuwar hawansa a cikin silinda. Ana kunna wutar da wuri ne saboda mai da iska ba sa ƙonewa nan take, suna bukatar ɗan lokaci, kuma ana so ƙarfin turawar ya cika jim kaɗan bayan fistin ya wuce tof ya fara sauka. Lambobi biyu ake magana a kansu. Akwai taimin na silo, wanda littafin MerCruiser ya ba da digiri 8 kafin tof a yawancin waɗannan injuna. Akwai kuma jimilla, wato inda taimin ke tsayawa bayan injin ya ɗauki gudu, modul, wato ɗan akwatin lantarki na tsarin wuta, ya gama ƙara nasa. Distiributar Thunderbolt IV ba ta da nauyi da sifirin a ciki, modul ne ke ƙara taimin, kuma an rubuta adadin a jikinsa. Modul mai lamba V8-24 yana ƙara digiri 24, ka haɗa da 8 na silo ka sami 32.

A injin mai sufacaja, jimillar ita ce lambar da ake saitawa. Ta silo duk inda ta faɗa, daga baya ake duba ta. Wanda ya saita digiri 8 a silo ya ɗaure noti ya tafi, bai san komai ba game da abin da injinsa ke yi a juyi 4,500 a minti.

Dalilin shi ne matsi. Matsin iskar duniya a gaɓar teku psi 14.7 ne, psi kuwa ma'aunin matsi ne. Idan sufacaja ta ƙara psi 6, ka cusa wa silinda kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarin iska. Injin da matsin fistinsa 8.5 ne, wato fistin yana matse cakuɗen iska da mai ninki 8.5, a lissafin ƙiyasi ya koma kamar mai 12. Cakuɗen da ya yi kauri haka yana saurin ƙonewa, ga shi sufacajar Roots tana ɗumama iskar sosai, sai ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa. Wannan fashewar ce ke farfasa gefen fistin, ta cinye tof gasket, ta daka metal. Sannan ka tuna jirgi ba shi da gangara kuma ba ya canja giya: injinsa tamkar tirela ce mai cikakken lodi a kan tudun da ba ya ƙarewa. Motar tsere tana shan matsi na daƙiƙa goma ta huta, jirgi yakan yi rabin awa a kai.

Ga kuma inda mutane da yawa ke ɓata: suna ganin rage taimin sosai shi ne tsira. Ba haka ba ne. Idan wuta ta makara, man yana ci gaba da ci har lokacin da bawul ɗin salansa ya buɗe, zafin ya bi ta kansa. Da daɗewa bawul ya yi laushi, ya lotsa, ko kansa ya ɓalle ya faɗa cikin silinda. Injin da aka saita a 22 don tsoron ƙwanƙwasa yana iya mutuwa kafin wanda aka saita a 30. Masu haɗa irin wannan injin, a matsin psi 5 zuwa 7 da matsin fistin 8 zuwa 8.5 da mai mai kyau, yawanci suna ƙarewa ne tsakanin digiri 28 da 32. Idan wanda ya haɗa injinka ko kamfanin sufacajar ya ba ka lamba, tasa ce gaba da wannan.

Kafin a taɓa distiributa

Kayan aiki ba su da yawa: fitilar taimin, sifana 9/16 ta inci don notin distiributa, kusar tare fistin mai shiga ramin fulogi, tef na awo, farin fenti ko alli, sabbin fulogi saiti biyu, littafin rubutu, da mutum biyu bayan kai. Dole jirgin ya kasance da agogon matsi da agogon ƙarfin fetur masu aiki. Idan akwai na'urar auna rabon iska da mai, ka huta da rabin zato.

Ɗakin injin jirgi rufaffe ne, tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa. Ka buɗe murfi, ka sa hanci ka shinshina, ka kunna fankar ƙasan jirgi na aƙalla minti 4 kafin kowace tayarwa. Distiributa, kik da altaneta su zama na ruwa, masu hatimin SAE J1171, ba na mota ba. Kada ka tayar da injin ba tare da ragar tare wuta a kan kafireta ba. Babbar riga, carbi a wuya da igiyar fitila duk su yi nesa da bel ɗin sufacaja, faɗinsa ya kai inci biyu zuwa uku kuma ba ya sakin abin da ya kama.

Sai maganar mai, wadda ta fi kowace muhimmanci ga wanda irin wannan jirgi ya faɗo hannunsa a Legas ko Fatakwal. Lambar oktan da Ba'amurke ke gani a famfo ba irin tamu ba ce. Idan littafin sufacaja ya ce a sha 91 ko 93, lissafin Amurka yake nufi, wanda ya yi daidai da RON 95 zuwa 98, wato ma'aunin oktan irin namu. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya galibi RON 91 ne, wato kusan 87 na Amurka, na gama-gari a gidajen mansu. Jirgin da aka saita a Florida da 93 aka kawo shi nan, taiminsa ya yi wa manmu yawa tun kafin a kwance shi daga tirela, ga zafin iska, ga ruwan da ake sanyaya injin da shi shi ma ɗumi ne. A irin wannan hali ra'ayina shi ne a fara da canja fuli a rage matsi zuwa psi 3 ko 4, maimakon a bar matsi a sama a yi ta yanke taimin har bawul su ƙone. Haka kuma ka san irin fistin da ke ciki: 7.4 na gama-gari na zubi gare shi, ba ya jure ƙwanƙwasa ko kaɗan, samfurin Magnum mai ƙarin ƙarfi kuwa na ƙira gare shi.

Taimin ba ya gyara ƙarancin mai. Ƙarfin fetur ya tsaya a psi 6 zuwa 7 ko a cikakken totur. Kafiretar da ke saman sufacajar Roots tana ganin zuƙa ko da injin yana cikin matsi, saboda haka bawul ɗin ƙarin mai na kafiretar Holley yana iya kasancewa a rufe daidai lokacin da ake bukatarsa, sai in an ja masa tiyo daga ƙarƙashin sufacaja. Ka tabbatar an yi wannan. Fulogi su zama mataki ɗaya ko biyu mafi sanyi kan na asali, ratar bakinsu kuma a matse ta daga inci 0.035 zuwa wajen 0.030, don matsi yana wahalar da tartsatsi.

Mataki na farko: tabbatar da tof na gaskiya

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne wanda komai ya rataya a kansa. Damfar da ke gaban karanshaf ƙarfe biyu ce da roba a tsakani. Da shekaru da zafi, zoben waje mai ɗauke da alamar yakan zame. Haka nan wanda ya ɗora sufacaja yakan canja murfin gaba ko ɗan ƙarfen nuni, ya sa wanda ba na wannan damfar ba. Kuskuren digiri 4 ba abin mamaki ba ne, kuma a wannan injin digiri 4 shi ne tsakanin lafiya da sabon fistin.

Cire wayar batir. Cire fulogi duka takwas don injin ya juyu da hannu. Silinda ta 1 ita ce ta gaba, wajen fuli, a ɓangaren hagu idan ka tsaya ta bayan injin kana fuskantar gaba. Toshe raminta da babban yatsa, wani ya juya karanshaf da hannu, in ka ji iska na turo yatsan, fistin yana hawa a bugun matsi. Tsaya tun da saura, ka ɗaura kusar tarewa, sannan a ci gaba da juyawa a hankali har fistin ya taɓa ta. A hankali nake cewa, da hannu, kada kik ya shiga maganar. Yi alama a damfa daidai sifilin ƙarfen nuni. Sai a juya baya kusan zagaye guda har fistin ya sake taɓa kusar ta ɗaya gefen, ka yi alama ta biyu. A injin mai babban kam, ka sassauta rokan silinda ta 1 tukuna don kada bawul ya buɗe ya bugi kusar. Wajen juyawa baya kuma ka lura kada notin damfa ya kwance.

Tsakiyar alamun nan biyu shi ne tof. Auna da tef, raba biyu. In ya faɗa kan layin kamfani, madalla. In ya kauce da kaɗan, gyara ƙarfen nuni ko ka ja sabon layi. In ya kauce da yawa, ko ka ga robar ta tsattsage tana fitowa, damfar ta gama aiki, canja ta kafin ka ci gaba. Cire kusar yanzu, kafin ka manta.

Mataki na biyu: zana digirin a jikin damfa

Ƙarfen nuni na asali ba ya kai digiri 30, don haka za ka zana naka. Auna kewayen damfar, ka raba da 360. Damfa mai inci 8 kewayenta milimita 638 ne, kowane digiri ya zama milimita 1.77. Digiri 28 ya kama kusan milimita 50 daga layin tof, digiri 30 milimita 53, digiri 32 kusan 57. Ka auna ta gefen da ke riga layin tof isowa wurin nuni idan injin yana juyawa. A injin mai juyin da aka saba, wanda in ka tsaya gaban fuli yake bin hannun agogo, alamun za su faɗa dama da layin tof idan layin yana sama. Wasu tsofaffin jirage masu injin biyu suna da ɗaya mai juyin baya, a wannan alamun za su faɗa hagu, jerin wuta ma ya juye: na kullum 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, na juyin baya 1-2-7-5-6-3-4-8.

Me ya sa wannan wahalar alhali akwai fitila mai maɓallin komar da digiri? Saboda irin wannan fitila takan ruɗe da akwatin wuta mai tartsatsi da yawa irin na kamfanin MSD, wanda ke harba wuta fiye da sau ɗaya a ƙasa da juyi 3,000. Layin fenti da fitila mara wayo ba sa ƙarya. In ma za ka yi amfani da mai maɓallin, ka bar ta a sifili ka karanta layinka.

Mataki na uku: tayarwa da saitin farko

In an taɓa cire distiributa, dawo da injin wajen digiri 15 kafin tof a bugun matsi na silinda ta 1, ka ga rota tana kallon wayar 1 a murfi. Bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin wuta, rota tana bin hannun agogo. Raba wayar 5 da ta 7, kada su kwanta tare: silindun maƙwabta ne kuma a jere suke harbawa, tartsatsin 5 yana iya tsallakawa ya kunna 7 tun tana hawa. Mayar da fulogi da batir.

Aikin nan a cikin ruwa ake yin sa, jirgi ɗaure a gaɓa. Tiyon famfo da ake maƙala wa ƙafar jirgi, wato ɓangaren da ke riƙe farfela, a kan tirela ba ya ba da ruwan da zai ishi injin sama da juyi 1,500, kai kuma za ka wuce 3,000. Tayar, ka bar shi ya yi ɗumi sosai. Maƙala fitila a wayar 1, nesa da sauran wayoyi. Sassauta notin distiributa daidai yadda za ta juyu da ƙarfin hannu, ba yadda za ta yi rawa ba.

A nan tsarin wuta ya rabu. Thunderbolt IV ba ya bukatar komai, haska kawai. Thunderbolt V yana wasa da taimin da kansa don riƙe silo, sai ka haɗa wayarsa mai launin shunayya da ratsin fari da jikin injin kafin ka tayar, in ka gama ka cire. Injin mai kwamfutar MEFI sai an sa shi a yanayin gyara, sannan a saita taimin na tushe kawai, sauran yana cikin taswirar kwamfuta, kuma wanda ya rubuta taswirar ne ke da iko da shi. Injin 496 mai lita 8.1 ba shi da distiributa sam, babu abin murɗawa.

Haska a silo ka rubuta abin da ka gani. Murɗa jikin distiributa saɓanin hannun agogo yana ƙara taimin, bin hannun agogo yana ragewa. Motsin digiri ɗaya a distiributa digiri biyu ne a karanshaf, don haka bugun tafin hannu kaɗan ya isa.

Mataki na huɗu: saita jimilla

Giya a firi, direba ya danna maɓallin da ke raba totur da giya, ya ɗaga juyi a hankali: 1,500, 2,000, 2,500, 3,000, 3,500. A kowane tsayi ka haska ka faɗi lamba, na ukunku ya rubuta. Za ka ga alamar tana tafiya, sannan ta tsaya. Inda ta tsaya ita ce jimilla. Kada ka ɗauka ta gama a 3,000, wasu modul suna ci gaba da ƙarawa bayan nan, sai ka ɗan leƙa 4,000 na daƙiƙa biyu ka tabbatar. Ba a barin injin yana ihu babu lodi.

Riƙe juyin a inda alamar ta daina tafiya, ka murɗa distiributa har layin 28 ya zo kan sifilin nuni. Daga 28 ake farawa. In man RON 91 ne a tanki, fara daga 26 da ƙaramin matsi. Sauke totur, ɗaure noti, sake ɗagawa ka haska, domin ɗaurin kansa yakan ja distiributa da digiri guda.

Lura da yadda alamar take tsayuwa. In tana tsalle sama da digiri 2 a juyi ɗaya, akwai wasa a wani wuri: sarƙar taimin ta saki, haƙorin distiributa ya cinye, ko kam yana kai da kawowa. Jimillar 28 mai tsalle zuwa 32 ba 28 ba ce. Gyara wannan tukuna.

Yanzu dubi silo. Da modul V8-24, jimillar 28 ta bar maka digiri 4 kacal a silo, kuma injin mai sufacajar Roots ba ya son haka. Zai riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ya baƙanta fulogi, ya mutu da an sa giya, wani lokaci ya yi atishawa ta kafireta idan an danna totur, abin da kan iya lalata sufacaja. Irin wannan injin ya fi jin daɗi da digiri 16 zuwa 20 a silo. Maganin ba ƙara murɗa distiributa ba ne, don jimillar za ta bi ta haura 40. Maganin shi ne modul mai gajeren zango. Masu jiragen gudu sun daɗe suna sa modul V6-14 a kan V8 saboda wannan, kuma a V8 abin da yake ƙarawa yakan gaza 14, don haka ka auna da fitila maimakon ka yarda da rubutun jikinsa. A distiributa mai nauyi da sifirin irin ta MSD, bushin mai taƙaita tafiya ake canjawa.

Wasu sukan kulle taimin gaba ɗaya, 30 a silo, 30 a gudu. Silo yana yin kyau ƙwarai, amma kik yana shan wahala in injin ya yi zafi, sai an sa na'urar rage taimin lokacin tayarwa. Abin da ya fi damuna da shi shi ne lokacin da jirgi ke ɗaga ƙirji zai hau kan ruwa, tsakanin juyi 2,000 da 3,000. Lodi ya kai maƙura, sufacajar Roots kuma tana ba da matsi da zarar an buɗe totur, ga cikakken taimin yana jira. A jirgi mai nauyi ko mai shan man da ba a amince da shi ba, ban ba da shawarar kullewa. Sufacaja irin ta ProCharger, wadda matsinta ke hawa tare da juyi, ta fi yafiya a wannan wurin, tsananinta yana can sama.

In akwai akwatin da ke rage taimin bisa matsi, gwada shi a nan gaɓa, tunda a firi injin ba ya yin matsi. Cire tiyonsa, toshe ramin da ya bari, ka hura masa psi 5 da famfon hannu mai agogo alhali kana haskawa a juyi 3,500. In an saita shi a digiri 1 kan kowane psi, alamar ta koma baya da 5. Lambar da ta rage bayan ragin ita ce jimillarka ta gaskiya, ita ce za ta faɗa cikin 28 zuwa 32, ba ta firi ba.

Kafin a kwance igiya, daidaita silo ya zauna wajen juyi 650 zuwa 750 a cikin giya. Ƙarin taimin yana ɗaga silo, kuma sa giya a babban juyi yana cin kulocin ƙafar jirgi irin ta Bravo ta MerCruiser.

Mataki na biyar: gwaji a kan ruwa

Sa sabbin fulogi. Rufe murfin ɗakin injin kamar yadda za a yi tafiya da shi kullum, domin zafin da ke taruwa ciki yana cikin gwajin. Ba a haska fitila a jirgi mai gudu, duk abin da ake bukata agogo da fulogi za su faɗa. Mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya zuba wa agogo ido yana rubutu.

Hau kan ruwa a hankali. Yi minti biyu a 3,000, sannan 3,500, sannan 4,000. Yankin 3,200 zuwa 4,000 shi ne inda ƙarfin murɗawar injin ya fi yawa, matsin cikin silinda ya fi tsanani, kuma a nan ƙwanƙwasa ta fi kamawa, ba a ƙarshen totur ba kamar yadda ake zato. In komai lafiya, buɗe totur duka na daƙiƙa 10 zuwa 15. Rubuta juyi, gudun GPS, matsi, ƙarfin fetur, zafin ruwa da na baƙin mai. Rabon iska da mai a cikin matsi ya tsaya wajen 11.5 zuwa 12. In ya haura 12.5, ko ƙarfin fetur ya fara sauka, ko juyi ya fara raguwa alhali totur yana wuri ɗaya, saki nan take. Matsalar mai ce ko zafi, kuma ba a gyara ta da distiributa.

Kada ka yanke totur farat ɗaya ka kashe injin don duba fulogi kamar yadda ake yi a filin tseren mota. Igiyar ruwan da ke biye da jirgi za ta daki baya ta shiga salansa, injin mai zafi kuma yakan ci gaba da tari bayan an kashe makulli, ya juya baya ya zuƙi ruwa cikin silinda. Sauko a hankali, ba shi ɗan silo, sannan ka kashe. Alamun da kake nema ba sa gogewa da wannan.

Cire duka takwas, jera su bisa lambar silinda, ka duba da gilashin ƙara girma a cikin rana. Abu biyu kake karantawa. Na farko lanƙwasasshen ƙarfen bakin fulogi: zafi yana canja masa launi daga tsini zuwa wani wuri, kuma iyakar canjin ita ce shaida. In ta tsaya a kan lanƙwasar, taimin ya yi daidai. In tana kusa da tsini, akwai sauran wuri. In ta gangara har gindi kusa da zare, ya yi yawa. Na biyu farin tangaran na tsakiya: ƙananan ɗigo baƙaƙe alamar ƙwanƙwasa ce ta fara, ɗigo masu ƙyalli kuwa alminiyon fistin ne ya fara narkewa. Ko a fulogi ɗaya ka ga wannan, rage digiri 2, ƙara mai, ka auna matsin wannan silindar kafin ka sake fita. Silinda mafi wahala ita ke yanke wa sauran bakwai hukunci.

In fulogi sun fito tsaf, ƙara digiri 1, ka maimaita a hanya ɗaya, da lodi ɗaya, da saitin ƙafa ɗaya. Daga 28 zuwa 29 wataƙila ka ga ƙarin juyi 50 ko fiye. Ci gaba da ɗaya-ɗaya. Za ka kai inda ƙarin digiri bai ƙara komai ba, ko abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba. Nan ne iyaka. Koma baya da digiri 1 ko 2 daga wurin, ka ɗaure. Abin da ka rasa a gudu ba zai kai a ji shi ba, abin da ka samu kuwa shi ne sararin ranar da rana ta ƙwalle, jirgi ya cika da mutane, man kuma ya kwana biyu a tanki. In akwai agogon zafin salansa, yi amfani da shi wajen gane ɗaya gefen: in ka rage taimin ka ga zafin yana hawa, ka san ka fara matsa wa bawul.

Duba kuma inda juyin ya tsaya a cikakken totur. Magnum 454 da 502 an tsara su su kai 4,600 zuwa 5,000, wanda aka yi wa aiki kuma mai haɗa shi zai faɗi nasa. In farfela ta yi girma har injin ya kasa kaiwa, yana zaune ne dindindin a yankin da ƙwanƙwasa ta fi kamawa, kuma babu lambar taimin da za ta cece shi. Rage farfela.

Da ka gama, ja layin fenti daga gindin distiributa zuwa jikin injin, ka rubuta taimin na silo, jimilla, juyin da ta cika, matsi, girman fuli, lambar fulogi da irin man da aka yi gwajin da shi, ka ajiye a cikin jirgin. A jirgi mai injin biyu, kowanne a nemo masa tof nasa, a yi masa gwajinsa dabam. Sake haskawa bayan awa goma na farko, sannan a farkon kowane lokacin fita, domin haƙorin distiributa da sarƙa suna ci a hankali suna ja da taimin baya. Canjin fuli, farfela, kam, kan silinda ko wurin shan mai kuwa yana mayar da kai mataki na huɗu, daga 28, da sabbin fulogi.